Injin da Ya Ƙi Daina Gaisuwa

SHAFI NA 17

Daga bakin Ummaru Na-Ƙi-Mutuwa, Aliero

Salamu alaikum jama'ar waya. Ƙorafinku ya iso. Raihanatu ta karanta mani duk abin da kunka rubuto, har da ke mai tambayar ko tsoho barci ya yi. Ban yi barci ba ɗiyata, albasa nika kwasa. Ni ka hwaɗi, jikanyata ka danna waya, in kun ga kuskure nata na.

Wanda ya iske mu a hanya, ga inda munka tsaya. Malama Iklima ta zo firamaren garinmu tana koya ma yara kodin, wato yadda aka rubuta ma kwamfuta umarni ta bi. Raihanatu ta hi kowa a ajin, jinina na. Alhaji Yari dillalin albasa, shugaban iyayen yara, ya rantse sai an rufe ajin an mai da kwamfutocin Jega. Anka tara iyaye ƙarƙashin dogon-yaron makaranta, Liman Haliru na tsakiyar fili bisa buzu, shi ka yanke magana.

To mu tahi.

Yari ya miƙe cikin farar babbar riga, sitati har ƙara yake.

"Jama'a, ni ba ni gaba da ilimi."

Nic ce, "Ilimi ka gaba da kai."

Liman ya ɗaga mani hannu.

Yari yac ce, "Shekaranjiya uwar jikana Kamaluddeen tac ce mai, tahi ka ɗebo ruwa. Kun san mi yaron ga yac ce? Wai Inna umarninki bai cika ba. Da wane bokiti? Wace rijiya? In aje ina?"

Fili ya kwashe da dariya.

"Dariya kuka yi? Gobe ɗiyanku na! A ajin ga yaro aka koya ma ba da umarni. Yau inji, gobe uwa, jibi uba."

Dariya ta ɗauke. Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Na dubi wajen yara, Raihanatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Yarinyar da ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa ajin nan.

Malama Iklima ta miƙe, ta rusuna.

"Baba Alhaji, abin da Kamaluddeen ya yi kuskure ne, kuma na yi mai faɗa. Amma kodin ba rashin kunya ba ne. Yaro yana koyon ya yi tunani kafin ya buɗe baki. Me zai fara, me zai biyo baya, in kaza ya faru me za a yi."

Yari yac ce, "Nuna muna."

"Babu wuta tun jiya Baba, batiran sun mutu. In haka ta faru a aji, yaro ɗaya ne ke zama inji, sauran su rubuta mai umarni a allo ya bi."

Yari ya yi murmushi. Na san murmushin nan, shi yake yi ma manomi in zai karya mai farashin buhu.

"Yaro da yaro ai sun haɗa baki. Babba nika so ya zama injin. Wa za ya tsaya yarinya ta juya shi gaban jama'a?"



Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani na gyara takalmi, wani na korar ƙuda da babu shi.

Sai na miƙe.

"Ni."

Yari yac ce, "Ummaru? Da hurhurarka?"

"Da ita. Ni da gulbin Jega ya haɗiye da buhun albasa a kai ya amayo ni da rai? Ni da kububuwa ta sara a Karaye, ita tam mutu ni ina nan? Ni da mota ta kife da mu hanyar Maiyama nif fito ina tambayar hulata? Allo za ni ji tsoro?"

"Ba tsoro aka magana ba, mutunci aka magana."

Na juya ga Liman. "Allah shi gafarta Malam, akwai laihi jika ta umarci kakanta? Wagga amaryata ta. Tun tana rarrafe taka ja mani gemu."

Liman yac ce, "Babu laihi. Wasan jika da kaka iske shi munka yi."

Daga gefen mata sai ga muryar Inno matata: "Ni tun ina da haƙora nika ba shi umarni bai bi ba. Mu gani yau!"

Mata sunka yi shewa.

Liman ya kafa sharaɗi. Ga bokiti cike da ruwa bakin aji, ga fangalin albasar 'yan makaranta can ƙarshen fili. Raihanatu za ta rubuta umarni a allo, ta karanta mani da ƙarfi tunda ni ba ni da haɗi da boko. In na tashi, ba mai ƙara kalma. In abu ya ɓaci, ta zo ta ja gemuna, an kashe inji ke nan, a koma farko. Gwaji uku. Malama ba za ta ce uffan ba. In ruwa ya kai fangali, aji ya tsaya. In bai kai ba, a kira mota ta kwashe kwamfutocin.

Kafin ta rufe baki Malama ta matso kusa da ni.

"Baba, inji ba shi da hankalin kansa. Abin da aka ce kawai. Ko da ka ga ba daidai ba ne."

"Ɗiyata, ko Turawan da sunka ƙera shi ba su taɓa ganin inji irina ba."

Anka jingina allo jikin itace. Raihanatu ta ɗauki alli.

Nic ce, "Amarya, rubuta. Mijinki na nan."

"Kai tsoho, wa ka son ka?" Ta murguɗa baki.

Ta karanta:

"Aza gammo. Ɗauki bokiti ka aza. Fuskanci lambu. Yi ta tahiya har ƙafarka ta taɓa bakin fangali. Sauke, zuba."

Na aza. Na miƙi hanya awa soja.

To jama'a, hanyar nan ta gaban buzun Liman ta bi. Da na iso dab da shi, harshena da kansa ya motsa. Tunda uwata ta yaye ni ban taɓa wuce malami ban yi sallama ba. Amma allo bai ce ba. Na cije harshe, na ɗaga kai, na wuce shi awa turken jaki.

"Subhanallahi!"

"Ya wuce Liman!"

Yari ya yi tsalle, rigarsa ta buɗe awa laima. "Kun gani? Kun gani da idonku! Tsoho ma da ya shiga hannunsu ya manta gaisuwa, bale yaro!"

Raihanatu ta sheƙo da gudu ta cafki gemuna. Na tsaya cak.

Liman yac ce, "Ummaru, ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka Malam. Inji na bai gan ka ba."

Raihanatu ta durƙusa. "Malam, laihina na. Ban rubuta ba."

Liman ya shafa gemu. "Ruwan da ya wuce mutane ba sallama, ko ya kai ban karɓa ba. Saura biyu."

Munka koma farko. Ta goge tsakiyar allo da tafin hannu, ta yi rubutu, ta tsaya, ta ƙara.

"Muddin akwai babba gabanka, tsaya ka gaishe shi."

Nic ce, "Inji na tambaya. Wa a babba?"

Ta ƙara rubutu. "Duk mai hurhura."

Na aza bokiti. Na iso gaban Liman, na tsaya.

"Salamu alaikum Malam."

"Wa alaikumus salam." Ya yi murmushi, jama'a sunka sauke numfashi.

"Ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina gida?"

"Lahiya."

"Ina iyali?"

"Alhamdulillahi."

"Ina ɗiya?"

"Suna lahiya."

"Ina zahin ga?"

"Lokacinsa na."

"Ina albasa?"

"Da godiya."

Gaisuwar da na sani ta ƙare. Na duba gabana. Akwai mai furfura? Akwai. Allo ya ce muddin.

"Salamu alaikum Malam."

Liman ya ɗago kai. "Wa alaikumus salam."

"Ina wuni?"

"Lahiya lau dai, Ummaru."

"Ina gajiya?"

"Babu... Ummaru, ka wuce mana."

"Ina gida?"

Yaran ajin ne sunka fara ganewa. "Ya maƙale! Inji ya maƙale!"

Shi Liman ba ya iya tashi ya bar mutum na gaishe shi. Ba ya iya ƙin amsawa. Ni kuma ba a ce in daina ba. Muna nan, ni da bokiti a kai, shi da tasbaha a hannu, muna ta zagaye awa jakin da anka ɗaure a turke. Da munka sake isowa kan albasa, Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na girgiza.

"Ina albasa?"

"Wallahi Ummaru tana nan inda ka bar ta ɗazu!"

Mutane sunka faɗi ƙasa don dariya. Inno na ihu, "Ku bar shi! Ni bai taɓa gaishe ni haka ba!"

Raihanatu ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma rugo ba. Tana tsaye gaban allo da alli a baki, tana bin layi da yatsa. Malama ta toshe bakinta da hannu biyu, kana ganin maganar na son fashe mata kumatu.

Wuyana ya fara zafi. Ban nuna ba. Wuyan da ya yi dakon albasa daga Kimba zuwa kasuwar Jega tun kafin a san amalanken ƙarfe.

Can sai yarinyar ta buga ƙafa.

"Na gano!"

Ta zo ta ja gemuna da ƙarfin da ba a buƙata.

"Sannu amarya, cire shi za ki yi?"

"Ban hwaɗa maka inda za ka tsaya ba," tac ce, ba ni take kallo ba, Liman take kallo. "Malam, inji ba ya san ya isa ba sai an gaya mai. In ka ce ya fara, dole ka ce mai ga ƙarshe."

Liman ya share hawayen dariya. "Ai ko mutane da yawa haka suke. Saura ɗaya."

Na lura kawunan da sunka gyaɗa ma Yari ɗazu yanzu allo suke kallo. Wani manomi daga Jega Magaji da ya zo ziyara har yana matsowa yana tambayar na kusa da shi me za ta gyara. Yari ma ya lura.

Sai yac ce, "Tsaya. A garin ga tsaye aka gaida babba? In gaisuwa ta, a durƙusa. Ko malamarku ba ta koya muku wannan ba?"

Raihanatu tac ce, "To Baba Alhaji."

Ta goge, ta rubuta a hankali. Ta karanta a ranta, ta sake karantawa, sannan ta ɗaga murya:

"In ka iske mai hurhura gabanka, durƙusa, yi mai sallama sau ɗaya. In ya amsa, miƙe ka wuce."

Nic ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Anka cika bokiti har baki. Na aza. Na dubi hanya, sai na ga Liman ya ja buzunsa gefe, yana cewa shi kam ya sha gaisuwar shekara. Hanya ta buɗe tas har fangali. Ina jin yara na kirga nasara a bayana.

Na wuce rabin fili. Na wuce inda Liman yake da. Har ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen albasa.

Sai farar riga ta shigo gabana.

Yari.

Ya tsaya ƙiƙam tsakanina da fangali, ya harɗe hannu, ya turo gemu gaba don in ga furfurar da kyau.

Ku da ba 'yan garinmu ba, bari ku ji. Ni da Yari tun muna tsallen kwaɗo a fadama muke musun wa ya girmi wani. Ni na san na girme shi, uwata ta je sunansa da ni a goye. Shi ya ce ƙarya ne. Don haka in mun haɗu, kowa jiran ɗan'uwansa yake ya fara sallama. A kasuwa, a jana'iza, a ɗaurin aure. Sai mu yi tari mu wuce. Duk Aliero an san wannan.



Yari yac ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Kauce mani ka wuce, in ce injinku ba shi da kunya. Ko ka durƙusa ma yayanka."

Jinina ya hau. Wallahi hannuna ya so ya saki bokitin nan a kan hularsa.

Na karkata ido. Raihanatu na tsaye jikin allo, ta damƙe alli har ya karye gida biyu. Ba ta da ikon cewa komi.

Raihanatu ta ce kar in sa wannan wurin. Sa shi, ni ka ba da labari.

Na durƙusa.

Ni Ummaru. Da bokiti a kai, ɗigo bai zuba ba. Na kai gwiwa ƙasa gaban Yari, gaban matan gari, gaban yara.

"Salamu alaikum."

Wata mata ta yi salati. Inno ta riƙe haɓa.

Na jira.

Yari ya kalli sama.

Na jira.

Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓantara, ya jefa baki.

Sai na gane abin da ya shirya. Allo ya ce in ya amsa. In bai amsa ba, inji na nan durƙushe har a kira sallar la'asar, har a kira mota.

Liman yac ce, "Yari, an yi maka sallama."

Yari ya kau da kai.

"Yari, amsa sallama wajibi na."

Yari ya tauna goro. "Allah shi gafarta Malam, inji yay yi sallama, ba mutum ba. To ni ma yau inji na. Ba a ba ni umarnin amsawa ba." Ya nuna Raihanatu da haɓa. "Ga mai umarni can. Na yarje mata ta yi magana. Ta zo ta ce Yari amsa. In ta isa."

Malama Iklima ta runtse ido.

Kowa ya ga ramin. In yarinyar ta umarce shi, ga shaida gaban jama'a, ajin kodin na koya ma yara su umarci iyayen wasu. Shi ba kakanta ba ne, babu wasa tsakaninsu. In ta yi shiru, ruwa ba ya kai fangali.

Ruwa ya fara bin gammo yana sauko mani ta bayan kunne. Ban motsa ba.

Raihanatu ta aje guntayen alli. Ta taho. Ta tuɓe takalmi nesa kaɗan, ta zo ta durƙusa gefena, kafaɗarta na taɓa tawa.

Nic ce ta gefen baki, "Amarya, kar ki ce mai komi."

"Inji ba ya magana," tac ce.

Ta dubi Yari. Ta dubi Liman. Ta dubi jama'a gaba ɗaya, maza da mata. Ta ja numfashi, ta saki murya irin wadda 'yan makaranta suke yi da safe in sun yi layi:

"ASSALAMU ALAIKUM WA RAHMATULLAH!"

Fili gaba ɗaya ya amsa da baki ɗaya, awa masallacin Juma'a.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah!"

Da Liman. Da Inno. Da baƙon Jega Magaji.

Da Yari.

Bakin da ya shekara saba'in yana amsa sallama bai tsaya neman izininsa ba. Ni na fi kowa kusa, har ɓarɓashin goro ya faɗo mani a goshi. Ya kai hannu ya toshe baki, amma ta riga ta fita.

Yara sunka ɓarke. "Ya amsa! Ya amsa!"

"Ba shi nika amsa ma ba!" Yari na ihu. "Yarinyar nika... jama'a nika bi!"

Raihanatu, kai a sunkuye, tac ce, "Baba Alhaji, ban umarce ka ba. Gaishe ku niy yi."

Liman ya taso da kansa, ya je gaban allo, ya sa aka karanta mai layin. Ya juyo.

"Allo ya ce in ya amsa. Bai ce wa anka amsa ma ba. Ummaru, miƙe ka wuce."

Fangali na nan bayan Yari, in na miƙa sanda zan taɓa shi. Mata sun fara ɗaura guɗa a maƙoshi. Malama ta saki bakinta tana dariya da hawaye.

Nic ce a raina, yau Aliero za ta san wa anka haifa.

Na dafe bokiti da hannu biyu. Na yi bisimilla. Na yunƙura.

Gwiwata ta dama tac ce ƙas.

Ba ta miƙe ba.

Na sake yunƙurawa. Ƙafar ta mutu murus, awa ba tawa ba.

"Kaka?" Raihanatu ta raɗa. "Kaka, tashi."

Yari ya sauke hannu daga baki. Ya sunkuyo, ya dubi gwiwar, ya dubi fuskata, murmushin nan na dawo mai.

"Kar wanda ya taɓa shi!" yac ce da ƙarfi. "Ba a rubuta a ɗaga inji ba!"

Sai na ji gammo ya zame, bokitin ya karkata gaba.